Furfura Ba Ta Tare Lemo

Yaya Hansatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata Inna da yara suna lafiya. Ina sanar da dangi baki ɗaya cewa idona na hagu ya buɗe jiya da hantsi.

Kada ki tada hankalinki. Bikin jifa da lemo ne na nan garin Ivrea ya zagayo, wanda suke yi ƙarshen sanyi don tuna ranar da talakawa suka kawar da wani azzalumin sarki. Duk wanda ba ya son jifa sai ya sa jar hula. Shekara da shekaru ina sawa. Bana da na sami aikin zagayawa da baƙi, sai na ga bai dace mai ba da tarihi ya fito kamar zakara ba.

Maƙwabciyata Ottavia ta ce, "Farfesa, ina hularka?"

Na ce, "Haba, wa zai jefi mai furfura?"

Ta ce, "Mijina. Ya girme ka, kuma hannunsa ba ya kuskure."

Ina tsakiyar bayanin zaluncin sarkin nan lemon ya iso, ya same ni a ido. Baƙi suka yi ta tafi, a zatonsu cikin shirin ne. Mai kamfanin da nake wa aiki ya ce in huta har fuskata ta daina tsorata mutane, don haka kwana biyun nan sai a hankali. Kada Inna ta ji. A aiko mini da man kaɗe, a kuma yi addu'a su mayar da ni aiki.

Na sha gaya miki girma rigar kariya ne ko'ina a duniya. To, na janye maganar.

Ƙaninki,
Sallau