Manyan Tayoyin Taguwa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya kunnen? Da yana ji da na buga maka waya na huta da dogon rubutu.

Bayan haka, ruwan bana ya cinye hanyarmu daga bakin makaranta har gindin tudu. Kwazazzabon nan da muke tsallakewa muna yara, yanzu mutum yana shigewa har ƙugu. Sau biyu ƙasan motar marigayi Baba yana zama a kan dutse, ga Mama a baya, ga wankin ƙodarta Litinin da Alhamis, asibiti kuma ba ya jiran kowa. Masu haya duk sun daina shigo mana. Sai na kai ta wurin Mai Walda ya ɗaga ta, na yi musanyar tayoyinta na asali da waɗansu manya. Yanzu tana ratsa kwazazzabon ko gezau. Maƙwabta sun sa mata suna Taguwa don ta yi tsayi kamar raƙuma, Mama kuwa sai an ajiye mata benci take hawa, tana hawa tana yi min tsiya.

Abin da ya dame ni shi ne tudu. Da mun fara hawa sai ta yi sanyi. In taka totur har ƙasa, ita kuma ta dinga canza giya da kanta, ta hau ta sauko, ta hau ta sauko. Kai ka san ta ciki da bai, ni ɗinki na sani. Me ya same ta?

Mama tana gaishe ka. Ka huta lafiya.

Ƙanenka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Kunne yana nan, ado ne kawai a gefen kai. Ka durƙusa ka gaishe min da Mama.

Na karanta takardarka sau uku, a na ukun sai da na nemi wuri na zauna. Shekara ashirin da shida ina kwance a ƙarƙashin motoci, sai ga ƙanena ya kai motar ubanmu wurin mai ƙera ƙofofi. Sannu da ƙoƙari.

Ka saurara. A cikin aksul, wato ƙarfen da ke juya tayoyi, gaba da baya, akwai haƙora da kamfani ya yanka daidai da ƙaramar taya. Ka ƙara taya ka bar haƙoran yadda suke, kamar ka zura takalmin da ya fi ƙafarka ne ka ce za ka hau bene da gudu. Giyabos ke shan wahalar. Wannan hawa da saukar da kake ji zafi yake tarawa, zafi kuma shi ke dafa man giya. Agogonta ma yanzu ƙarya yake yi maka, tafiyar da kuka yi ta fi wadda ya nuna, don haka lokacin canjin mai ya wuce ba ka sani ba.

A tudu ka ja sanda zuwa giya ta ƙasa ka bar ta a can, ko da za ku hau kamar masu rarrafe. Ka tsaya a tsakiya ta huce. Ka zaro sandar man giya ka shinshina. Magani na gaskiya biyu ne: ko a mayar da ƙananan tayoyi, ko a samo haƙoran da suka dace da manya, na gaba da na baya tare.

Sannan ka rubuto min irin kukan da take yi. Ni da nake gane ciwon mota tun daga ƙofar gareji, yau sai an rubuta min. Allah ya kyauta.

Yayanka

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na sha faɗan, kuma na cancanta.

Man ya yi baƙi, yana warin tukunyar da ta kama. Na canza shi. Na ari ƙananan tayoyi na gwada ranar Alhamis, muka kafe a tsakiyar kwazazzabo har rana ta yi tsaka, sai da mutane suka ciccibo Mama a kujera suka mayar da ita gida. Wankin ranar ya wuce ta. Kafin Litinin ƙafafunta sun kumbura, silifas ya ƙi shiga. Na mayar da manyan. Ka gani, Yaya, da ƙanana ba ma fita, da manya ba ma hawa.

Na rufe shago kwana huɗu na zagaye kasuwar kayan mota layi-layi ina neman haƙoran. Kowa na faɗa wa shekarar motar sai ya yi dariya. Wani dattijo yana da na baya kaɗai. In ɗaura shi haka?

Batun kuka, na rasa yadda zan rubuta shi, sai Mama ta ce in ajiye biro ta faɗa min. Ta ce: “Gaya masa irin numfashin babanku ne a shekararsa ta ƙarshe, in ya taso daga alwala. Zai gane.” Ta kuma ce kada ka ƙara zagina, ita ta ce a yi duk yadda za a yi.

Akwai abin da ban gaya mata ba. In na sa ribas sai na ƙirga biyar kafin ta kama. Tsoro nake ji, Yaya. Kullum muka doshi tudun nan Mama tana baya tana min hira don kada in gane ta gane.

Ƙanenka,
Auta

Auta,

Gaisuwa gare ka da Mama. Ka ce mata na gane.

Kada ka kuskura ka ɗaura na baya kaɗai, gaba da baya za su yi ta kokawa har ɗaya ya karye. Na bi makabartar motoci kwana shida da takarda a hannu, ina nuna wa mutane suna rubuto min “babu”. Jiya na ga irin tamu a kife bayan wani gareji, wanda ya taɓa ɗaga ta ya san aikinsa, haƙoran manyan tayoyi ya sa mata. Da hannuna na kwance haƙoran, duka biyun, na nannaɗe su da tsumma da mai. Direban babbar motar da ke kawo muku siminti zai taho da kwalin ran Laraba. Ni zan biyo baya ran Juma'a da kayan aikina, hannu dai bai kurmance ba.

Ribas ɗin da ka faɗa bai min daɗi ba, ba zan ɓoye maka ba. Lallaɓa ta za ka yi, Litinin da Alhamis kawai suka rage. Ka tsaya sau biyu a tudun, ba sau ɗaya ba.

Zagin da na yi maka kuma ka yafe ni. Da ni ne a gidan nan ina kallon kwazazzabo ina kallon Mama, abin da ka yi zan yi. Ni na yi nisa, kai ka zauna.

Yayanka

Yaya,

Assalamu alaikum.

Ran Litinin na tsaya sau biyu kamar yadda ka ce. A tsayuwa ta biyu ba ta ƙara tashi ba. Inji yana kuka, taya ba ta juyawa. Har la'asar ba mu samu wanda ya ɗauke mu ba. Mama ta ce in bar taka totur, in dawo baya in zauna kusa da ita.

Kwalin ya iso jiya Laraba. Ban buɗe ba. Na ajiye shi a ɗakin Mama, Allah ya jiƙanta, yanzu akwai wuri.

Ka zo Juma'ar. Ba sai ka ɗauko kayan aiki ba.

Auta