Ɗakin da Ka Kulle a Kabara

Zuwa ga ƙanena Malam Isyaku, a Tudun Giginya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta addini da ta jini, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Husaina da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa daminar nan ta zo muku da albarka, ya tsare ku daga maciji da mugun mutum, tunda inda kuka zauna ko kururuwa kuka yi babu maƙwabcin da zai ji. Mu nan alhamdu lillahi, sai ciwon gwiwa da ya saka ni gaba, har sallah a zaune nake yi yanzu. Yayarmu 'Yardada tana nan, idonta ya yi rauni amma bakinta bai yi ba. Matar ɗana Mustafa ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Ikram. Mun ga zumar da ka aiko ranar suna, mun gode. Amma zuma ba ta zama a zaure ta karɓi barka, kuma mutane da suka tambaye ni ina ƙanena, ba zan nuna musu galan ba.

Ka san ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata Bahijja ce ke rubutawa, kuma na ce mata duk abin da ya fito daga bakina ta sa shi yadda yake, kada ta gyara mini magana. Da a ce wurinku waya na kamawa da ban wahalar da ita ba. Baffa mai sayen zuma shi zai kawo maka, tare da wani kaya da za ka gani a bayan motarsa, can inda kwalta ta ƙare. Kada ka kwance kayan sai ka gama jin abin da ke cikin takardar nan.

Maganar ɗakinka ce, soron da ke bayan zaure, wanda Inna ta haife mu a ciki. Na san ba ka manta ranar da ka tafi ba, don ni ban manta ba. Babu wanda ya kore ka. Ba ka yi faɗa da kowa ba, sana'arka ta dukanci tana tafiya, kana da rumfarka. Kawai ka wayi gari ka ce birni ya ishe ka, hayaniya tana sa ka ciwon kai, kana so ka zauna inda za ka ji kukan tsuntsu. Na ce maka tsuntsu akwai shi a kan durumin ƙofar gida, ka yi dariya. Ka ja ƙyaure, ka ɗana kwaɗo, ka jefa mukulli a aljihu, ka ce mini in kula maka da ɗaki, bayan kaka za ka dawo. Isyaku, kaka nawa aka yi? Yaran da aka haifa a shekarar sun yi aure, wasu har da 'ya'ya.

Ni dai na kula da shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai na sa an kwaɓa ƙasa, an jiƙa makuba, an yaɓe rufin da bangon. Da ina da ƙarfi da kaina nake hawa in share indararo, in cire ciyawar da ta tsiro, in liƙe duk tsagar da na gani. Akwai shekarar da nawa ɗakin yake yoyo na bar shi na yi naka. Duk wanda ya bi ta lungunmu sai ya ce soron nan ya fi ko'ina kyau a gidan. Mustafa tun yana saurayi yake ce mini a fasa kwaɗon nan a buɗe ɗakin ya sha iska, ni kuwa na ce ba a buɗe ƙofar mutum a bayan idonsa, mai ɗaki yana da rai kuma mukulli na hannunsa. Har rantsuwa na yi a gaban 'Yardada cewa in dai ina numfashi babu mai taɓa kwaɗon nan sai kai.

Na yi zaton da Inna ta rasu za ka buɗe. Kwanakinta na ƙarshe duk wanda ya yi sallama a zaure sai ta ɗaga kai ta tambaya ko kai ne. Mun aika, aka ce kogi ya cika, ba a ƙetarewa. Ka iso bayan an yi sadakar bakwai, ƙafarka duk taɓo. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne da na nuna maka ɗakin, sabon yaɓe yana ƙyalli, sai ka shafa bangon ka ce ai ka baro mukullin a can, yana rataye a jikin bukka. Ka kwana a zaure kamar baƙo, ka koma. Mutumin da zai zo gidan ubansa ya manta da mukullin ɗakinsa, ai ya riga ya faɗi abin da ke ransa. Ni ne dai na ƙi ji.

Kada ka ce ban san wurin naka ba, na zo sau ɗaya kuma ya ishe ni. Mota ta sauke ni inda kwalta ta ƙare, ɗan acaɓa ya kai ni bakin kogi ya ce daga nan sai ƙafa. Na naɗe wando, dattijo da ni, na shiga ruwa ina riƙe da takalmi a ka. Na tarar da gidaje da ba su kai yatsun hannu ba, ko masallacin Juma'a babu, gishiri ma sai ranar kasuwa. Ka zagaya da ni kana nuna mini amya a kan itatuwa kamar mai nuna benaye, kana cewa nan babu janareto, babu mai buga maka ƙofa, babu mai tambayarka me ka ci. To ni abin da na gani ke nan, babu mai buga maka ƙofa. Ba zan yi ƙarya ba, na yi barcin da rabona da irinsa tun ina yaro, kuma furar Husaina har yau ban sha kamarta ba. Fuskarka ma ta cika, ba kamar lokacin da kake rumfa ba. Wannan ɗin ya fi komai ɓata mini rai a hanyar dawowa, don da na same ka a wahale da na san abin da zan ce maka.

To, bana da zafi ya tsananta na kira Malam Salihu magini ya yi yaɓe kamar kullum. Yana taka rufin sai ƙafarsa ta burma har gwiwa, Allah ne ya kiyaye bai faɗa ciki ba. Da ya sauko ya leƙa ta ramin, ya ce mini gara ta cinye azarar gaba ɗaya, abin da ke riƙe da rufin yaɓen da muke ta ɗorawa ne, kuma nauyinsa ma shi ke ƙara danne ta. Ya ce ɗakin ƙasa ba ya rayuwa sai da mutum a ciki, yana son a buɗe shi da safe, a share, a yi turare, hayaƙi ya taɓa azara, idon mai shi ya ga inda gara ta fara. Wai shekara da shekaru muna gyara wajen ɗakin, cikinsa yana mutuwa. Na ce masa aikin yaɓe na kira shi, ban kira shi wa'azi ba. Amma ranar ban ci abincin rana ba.

Daga nan gida ya rabu. Mustafa ya ce a rushe kafin ya faɗa wa yara, ya gina na bulo da kwano tunda iyalinsa sun ƙaru. 'Yardada ta goyi bayansa, ta ce mini wanda ya tafi ya tafi, in daina gadin kwaɗo kamar maigadin kanti. Na ce ko za a rushe sai ka zo ka buɗe da hannunka ka kwashe kayanka. Na ba Baffa saƙon baki, ya dawo ya ce ya isar, wai ka ce kana shirin shuka, sai bayan kaka. Kalmar nan dai da ka faɗa mini a bakin ƙofa. Wallahi da ya faɗa mini sai da na yi dariya, dariyar da ba ta daɗi ba.

Ruwan farko ya zo ranar Juma'a bayan la'asar, da iska. Muna zaure muka ji ƙara kamar an sauke tifa. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji ciwo, yara duk suna cikin gida. Da ruwa ya tsagaita muka fita, rufin ya zauna, bangon baya ya kwanta cikin lungu. Abin da ya rage a tsaye bangon gaba ne kawai, da ƙyaurenka, da kwaɗonsa a ɗane yadda ka bar shi. Kowa ya zagaya ta baya ya shiga, ni na tsaya a gaban ƙofar. Bahijja ce ta faɗa mini abin da ke ciki. Tabarma babu, buzun Baba babu, fatunka sun zama gari, kekenka ya zama tsatsa. Allonka kaɗai da tukunyar Inna suka tsira. A tsakiyar ɗakin kuwa gara ta gina suri ya kai ƙirjin mutum. Ka bar mu ka tafi daji, Isyaku, sai dajin ya zo ya zauna maka a ɗaki.

Na ba Mustafa izini ya yi gininsa, 'Yardada ta shaida, kuma in kana da magana a kan rabonka ƙofar magana a buɗe take. Amma na ce wa Malam Salihu kafin a sa diga ya cire mini ƙyauren nan tare da katakon gefensa, kada ya taɓa kwaɗon. Ya dube ni kamar na zautu, amma ya yi. Shi ne kayan da ke bayan motar Baffa, a naɗe cikin buhu, allonka yana ɗaure a jiki. Tukunyar Inna na riƙe, ba zan ba ka ba. Ka ce in kula maka da ɗaki, abin da na iya tsarewa ke nan. Rantsuwata ba ta karye ba, babu wanda ya buɗe maka ƙofa a bayan idonka. Ka ɗauko mukullin daga jikin bukka ka buɗe kayanka da kanka. In ya yi tsatsa ka ɗiga masa man gyaɗa. Katakon mai kyau ne, na zamanin Baba, gara ma ta gagara cinsa. Ka kafa shi a ɗakinka na can, ya fi asabarin da na gani kana rufe ƙofa da shi.

Yanzu ba ka da ɗaki a Kabara. Na so a ce ba ni ne zan faɗa maka haka ba. Amma nawa yana nan, gadona ɗaya ne, tabarma kuwa akwai, kuma ni ba na kulle ƙofa. Ba zan ƙara ce maka ka dawo ba, na gaji da faɗa. Abu ɗaya nake roƙo, in ka ji an ce jikina ya yi tsanani, kada ka jira kogi ya janye, kada kuma ka ce bayan kaka.

Ka gaishe mini da Husaina da kyau, ka ce ban manta furarta ba. Ka gaida Yusuf da Halima da ƙananan da ban san fuskarsu ba. 'Yardada tana gaishe ka, ta ce in ce maka ba ta huce ba, amma ka aiko mata da zumar farar ƙaya saboda tari. Mustafa da Bahijja suna gaida Baba Isyaku. Allah ya sada mu da alheri, a nan ko a can.

Ni ne yayanka,
Hashim, gidan Baba, Kabara.