Maganin da Aka Bar wa Yara

Maigida,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya baƙunta? Mu ma da sauƙi.

Jiya mun je asibiti ƙarin magani ni da 'yarmu Auta, sai likita ta ja ni gefe. Ka san maganin ciwon nan namu na gado ba haɗa shi ake yi ba. Wasu ƙwayoyin halitta masu rai ake kiwo a manyan tankunan ƙarfe, an dasa musu umarnin yin sinadarin da jikinmu ya kasa yi, daga nan ake tace mana shi. To, cuta ta shiga tankunan kamfanin, sun mutu kaf. Sai an wanke, an sake reno daga farko, kuma ba a yi wa abu mai rai gaggawa. Ɗan abin da ya rage, an ce yara za a bai wa. Ban yi musu ba. Ko abinci ne ya yi kaɗan, ai uwa ce ke cewa ta ƙoshi.

Auta ta ce ashe mu makiyaya ne ba mu sani ba, ga shi garkenmu ya ƙare. Na yi dariya don ta gani.

Ka huta lafiya.
Matarka

Maigida,

Ina gaishe ka, ina fatan murar ta sake ka.

Ka ce in daina ɓoye maka. Saifata ta kumbura har maƙwabciya ta yi mini barka, ta zaci ciki ne. Ƙasusuwana kamar ana sara. Na rufe keken ɗinki, ƙafata ba ta iya taka shi.

Ina raka Auta duk da haka. Nakan zauna a kujerar roba kusa da ita, ana ɗiga mata. Ranar nan na kama kaina ina kallon ledar maganin kamar mayunwaciya. 'Yar cikina fa. Na tashi na shiga banɗaki na wanke fuska. Ba wanda zan iya faɗa wa wannan sai kai.

Allah ya tsare mana kai.
Matarka

Maigida,

Ina fatan kana lafiya. Saƙonka na taya Auta murnar cika shekara sha takwas ya iso, ta gode.

Da muka je asibiti, ma'aikaciyar jinyar da ke neman jijiyarta tun tana kuka da allura ta kasa ɗaga ido. Likita ta fito da kanta. Ta ce a ƙa'idar rabon, Auta ta shiga sahun manya. Na roƙa, na ce a dube ta, ai jikin watan jiya ne. Likita ta ce ta sani, amma akwai wani yaro ɗan shekara huɗu yana jira a waje tare da uwarsa.

Auta ta riga ta naɗe hannun rigarta don allura. Ta sauke shi, ta tashi. Ta ce, “Mama, mu tafi, kar mu tsare musu hanya.”

An ce ƙwayoyin sun fara kamawa, amma har yanzu a kwalba suke, ba su kai tanki ba. Ba wanda ya yarda ya faɗi watan da maganin zai samu.

Yau da safe na ga jini a matashinta, haɓo ya dawo. Ta kife shi kafin in yi magana. Na ɗora mata ruwan wanka.

Ka sa mu a addu'a.
Matarka