Idon Malam Shu'aibu

Titin Bauchi, Jos
18 ga Mayu

Yaya Salma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya su Musaddiq da karatu, ya kuma zafin Gombe? Mu nan ruwa ya sauka, ba mai fita babu rigar sanyi. Ga dankali rabin buhu na ba direba tare da takardar nan, kada ki yarda ya ce miki ya ruɓe a hanya.

Kin ce a waya muryata kamar ta mai jinya. Yaya, zangon karatu na uku ne, ba malamin da ke da sauran jini a jika. Ga gwaji, ga makin takardu, ga katin sakamako na jiran mu. Oga Datong, mai makarantarmu ta Kabong, ya ga muna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Maimakon ya ƙaro malamai, sai ya sayo mana manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ake ce wa AI, asusu ɗaya tal na makaranta, kowa ya shiga da wayarsa. Wai mu sauke mata kaya mu samu mu numfasa. Ni ya ɗora wa koya wa sauran, kin san ƙanwarki da rawar kai. Kuma ba ƙarya, shirin darasin da ke cinye min Asabar da Lahadi yanzu kafin shayi ya huce na gama.

Kowa ya karɓa ban da Malam Shu'aibu. Na yi ta tsokanar sa, ina ce masa mutumin zamanin haƙar kuza. Ran Laraba bayan an tashi ya tsayar da ni a bakin aji, ya faɗa min abin da ban taɓa zato ba. Ashe yanar ido ce ta rufe masa gani. Tun bara ba ya ganin rubutun yara. Lissafin da yake koyarwa daga ka yake zubo shi, takardun gwaji kuwa matarsa Inna ce ke karanta masa a gida, ita ma da ƙyar. Likita ya sa masa ranar aiki cikin Agusta, a dogon hutu. Abin da yake so kawai ya kai ƙarshen zango ba wanda ya sani, don Oga ya daɗe yana neman hanyar rabuwa da tsofaffi. Ya ce amana ce ya ba ni.

Na nuna masa yadda zai ɗauki hoton takardar yaro, manhajar ta karanta masa a kunne, shi kuma ya faɗi maki. Da ya ji ta karanto amsar wani yaro har da kuskuren da ke ciki, sai ya yi dariya har da hawaye. Na ji daɗi ƙwarai. Mutumin da ya yi wa Baba wankan gawa, wanda kuma ya kamo hannuna ya kawo ni aikin nan, ai wannan kaɗan ne.

Ki riƙe wannan a cikinki. Ki gai da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Hassana

Titin Bauchi, Jos
29 ga Yuni

Yaya Salma,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin maigidan? Na ji ya yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Na san labari zai riga ni isowa, mutanen Jos ba su iya ganin abu su yi shiru ba, shi ya sa nake so ki ji daga bakina.

Kujerar mataimakiyar shugaban makaranta ta zama babu kowa, kuma mu biyu ake kallo, ni da Madam Theodora mai koyar da Turanci. Asabar da ta wuce Oga ya kwashe mu a bas zuwa wani zaure a Kuru, wai ranar wartsakewar malamai. An yi shinkafa da kaza, aka kafa majigi, aka ce kowa ya nuna yadda manhajar ta rage masa wahala. Theodora ta tashi ta yi ta zuba, Oga sai gyaɗa kai yake kamar ƙadangare. Raina ya ɓaci, don duk abin da ta nuna ni na koya mata.

Da aka zo kaina sai na ga ba ni da abin da ya fi nata. Asusun ɗaya ne, na faɗa miki, duk hirar da mutum ya yi da manhajar tana nan a jere. Na buɗe ta Malam. Ba zan ce miki hannuna ne ya kuskure ba, ina sane. Na ce wa jama'a su zo su ga abin mamaki, ta taimaki har wanda ba ya ganin takarda.

Maganganunsa suka fito ɓaro-ɓaro a bango. Ashe 'yar nan yake ce mata. "'Yar nan, sake karanta min a hankali, idon ya ƙi yau." Theodora ta shiga karantawa da ƙarfi tana kwaikwayon muryar tsoho, zaure ya kece da dariya. Shi kuwa yana layin gaba da farantinsa a cinya, bai ga abin da ke bangon ba, bai kuma gane kalamansa a bakinta ba da farko. Ya ji ana dariya, shi ma ya taya. Sai da aka zo inda ya ambaci sunan ajinsa sannan ya gane. Ya ajiye cokali, ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji muryata. A bas da za mu dawo kujerar kusa da shi ba wanda ya zauna.

Kada ki fara min wa'azi. Ni na sa masa yanar? Ƙarya na yi? Ai ko ba ni ba, asirin nan da kwanansa ya ƙare. Kuma Oga ya tafa min har ya miƙe tsaye. Abin da ya dame ni ɗaya ne, ran Litinin Malam ya gaishe ni kamar kullum, har ya tambayi lafiyarki. Da zagi na ya yi da na fi samun sauƙi.

A gai da yara.

Taki,
Hassana

Titin Bauchi, Jos
24 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gai da gidan duka. Ba ki amsa takardata ba, kira uku kuma ba ki ɗauka ba. Na gane. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan sai ke.

An ba ni kujerar. Aikin farko da Oga ya miƙo min shi ne takardar sallamar Malam. Na ba manhajar ta rubuta, na zayyana mata komai. Ta rubuto takarda mai ladabi, ta kuma ƙara da shawara a ƙasa, wai tunda saura 'yan makonni a yi masa aiki, kuma ba a sami matsala a makinsa ba, me zai hana a ba shi hutun jinya. Oga ya karanta ya yi tsaki. Ya ce shi takardar da za ta rufe ƙofa yake so, yadda ko idon ya buɗe tsohon ba zai dawo ba, ba kuma makarantar da za ta ɗauke shi. Ya ce in ba zan iya ba Theodora na nan.

Na zauna na rubuta da kaina, kalma bayan kalma. Na ce ya ha'inci makaranta da iyayen yara shekara guda cur. Na ce ya nuna shi ba abin ba wa amana ba ne. Ni, Yaya, ni na rubuta masa maganar amana. Oga ya sa hannu, ya ce in kai masa tunda mun saba.

Jiya da la'asar na je gidan Malam a Gangare. Inna ta rungume ni, ta kawo min gwaten acca, tana ta yi min barka da ƙarin girma. Malam na zaune a tabarma. Na miƙa masa ambulan, na ce ko in karanta masa. Ya ce a'a, kada in wahalar da kaina. Ya shimfiɗa takardar a gwiwa, ya lalubo waya ya ɗauki hoto. Muryar ta karanto komai tiryan-tiryan, Inna na tsaye da ludayi a hannu. Da aka zo kan ha'inci sai ya ɗaga hannu ya shafi gemunsa, shekara talatin da ɗaya yana koyarwa ba a taɓa jifan sa da wannan kalma ba.

Da ta gama sai ya tambaye ni, "Hassana, ke kika rubuta, ko ita?"

Na ce ita ce.

Ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce alhamdu lillahi, dama ya faɗa wa Inna, abin Kuru ƙuruciya ce da ɗoki, amma jinin Malam Badruddeen, wato Babanmu, ba zai zauna ya tsara irin wannan ba. Ya ce in ci gwatena kada ya huce. Na ci, Yaya. Na cinye tas, ya sa min albarka, har ya lallaɓa ya raka ni bakin zaure.

Ranar goma sha biyu ga Agusta za a yi masa aikin. Likita ya ce idon zai buɗe sarai. Na ga ya ninke takardar ya sa a aljihu, kuma a ƙasanta, gefen hagu, akwai inda ake sa sunan wanda ya tsara, da ƙananan baƙaƙen da wayar ta tsallake. Sunana ne a wurin.

Ki gai da maigidan da su Musaddiq. In kin ga dama ki kira ni.

Ƙanwarki,
Hassana