Batirin da Ya Kumbura

Yelwa, Bauchi
4 ga Maris

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Azumi da mutanen Ƙofar Dumi. Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, an cuce ni. Ka tuna farantan batir da muka yi ta zubawa a maƙerarka, tutiya da ɗan kuza a ciki? Shekara uku ina neman haɗin da zai hana su fitar da iskar haidurojin, wadda ke taruwa idan ana caji har batir ya kumbura. Na samu kuwa. To, Dokta Mahfuz, wanda aka ɗora ya duba aikina, ya kwashe farantan da ke kan kantata ranar da na je asibiti, ya haɗa batir, ya manna sunansa. Ranar Alhamis zai nuna wa baƙi daga Abuja. Sunana ko a gefen takarda babu. Na yi kuka har idona ya kumbura.

Amma akwai abin da bai sani ba. Halinka na ɗauko: tukunyar da ta ɓaci ita kake ɗorawa a gaba don ka riƙa ganin kuskurenka, mai kyau kuma ka naɗe ta a tsumma. Masu sheƙin nan da ya sata su ne suka ɓaci. Na kirkin baƙaƙe ne munana, suna cikin jakata, naɗe a tsumma.

Na san za ka ce in gaya masa. Wallahi ba zan gaya masa ba.

'Yarka,
Salma

18 ga Maris

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan alheri. Saƙonka ya iso ta hannun Inna, kuma na bi rabinsa: na sa ƙawata Lilian ta buɗe duk tagogin ɗakin da za a nuna batirin, na hana kowa kunna wuta, don kada iskar ta illata wani. Rabin da ka ce in yafe, shi ne ban iya ba.

Kwana uku Dokta Mahfuz ya bar batirin a caji don ya burge baƙin. Ya zo da babbar riga, yana ta zuba Turanci. Yana cikin cewa an gama da matsalar iska, sai batirin ya fara tashi kamar fanke a mai, murfin ya yi tsalle ya faɗa gaban babbar baƙuwar. Ta tambaye shi yawan kuzan da ke ciki. Baba, mutumin nan bai sani ba! Na bar shi yana share gumi, sai da raina ya yi sanyi, sannan na kwance tsummana. Aka haɗa batir da farantan nawa, suka gwada shi kwana biyar, ko motsi bai yi ba. An mayar da sunana kan aikin, na sa an rubuta naka a ƙasansa.

Jiya ya aiko wai in ba shi kumburarren ya zubar. Na ƙi. Na ɗora shi a kan kanta, a gaba, inda duk mai shigowa zai gani. Sunansa yana nan manne a jiki, ban taɓa ba.

Ka gaida Inna. Ka yi mini addu'a, ko da za ka yi mini faɗa daga baya.

'Yarka,
Salma