Ta Shida Ba Ta Makara Ba

Zuwa ga taubashina Dogo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa.

Ka san yadda muka jera allunan nan shida a bangon zauren baje koli, kowane da kwamfutarsa, don tsuntsun fim ɗin ya tashi daga na farko ƙarfe tara daidai, ya sauka a na ƙarshe. Biyar suna karɓar lokaci daga uwarsu, babbar kwamfutar da na haɗa a cikin kabad. Ta shida, wadda ka haɗa, daga intanet take karɓa. Kullum ina rubutawa a littafin aiki: ta shida ta makara da rabin daƙiƙa, ta makara da ɗaya, da biyu. Ka ce mini uwar ce ke gudu. Na ce biyar ba za su haɗu a kan ƙarya ba.

Ranar buɗewa tsuntsu ya ɓace a bakin allo na biyar har daƙiƙa uku, baƙi suka yi dariya. Manaja ya tambayi laifin wa, na miƙa masa littafin, aka sallame ka. Na mayar da ta shida ƙarƙashin uwar, komai ya daidaita.

Jiya mai gadi ya ce, "Mai Biro, tsuntsunka fa ya fi rediyona sammako. Kafin a ce ƙarfe tara ya tashi." Na gwada da wayata sau biyar. Uwar tana gaba da daƙiƙa sittin da biyar. Na duba ciki, ashe tun farko ban saita ta ta riƙa karɓar lokaci daga waje ba. Wata huɗu ke nan tana gudu, 'ya'yanta na bin ta.

Kai ne mai gaskiya. Ban san abin da ya kamata in yi ba.

Ka huta lafiya.
Naka, Mai Biro

*

Mai Biro,

Muna lafiya, gwargwado. Na ga takardarka, har da lissafin daƙiƙoƙi, sai ka ce su na tambaya.

Yanzu ina gyaran waya a rumfar wani, a bakin tasha, kan benci mai ƙafa uku. Duk inda na kai takardun neman aiki sai a kira manajanku, shi kuma ya ce ni ne na kunyata su a gaban baƙi. Gwaggonka ta daina tambayata yaushe zan koma, kallona kawai take yi.

Ka ce ba ka san abin yi ba. Tun muna yara kake haka, ka fasa tulu ka zauna kana ƙirga gutsattsarin. Ofishin manaja taku nawa ne daga kabad ɗinka? Na tabbata ka taɓa aunawa. Aikin ma ba na so. Sunana nake so a wanke.

Ka gaida mutan gidan.
Dogo

*

Zuwa ga Dogo,

Bayan gaisuwa. Taku talatin da ɗaya ne.

Ranar Litinin na je, ƙarfe goma da minti biyar. Manaja ya ɗago kai ya ce, "Allunan lafiya?" Na ce lafiya lau. Ya ce tun da aka rabu da wancan dogon ai an huta. Na juya na fito. Wannan ma na rubuta shi.

Uwar kuwa ina ja mata baya da daƙiƙa biyar kowace safiya, yadda ba wanda zai lura. Nan da mako biyu za ta yi daidai, shaida ta ɓace. Shi ya sa na yago shafin da na rubuta kuskurena, da kwanan wata da sa hannuna, na sa maka a ciki. Ka kai masa, ko ka kai duk inda ka ga dama. Yarana huɗu, Dogo. Ƙafata ta ƙi.

Ka yafe mini in za ka iya.
Mai Biro

*

Mai Biro,

Mun gode, muna lafiya. Ga shafinka na mayar maka, ban ko lanƙwasa shi ba. Hannun da ya miƙa littafin farko shi zai miƙa wannan.

Ni ma yarana huɗu. Ka manta ka rubuta.

Sai wata rana.
Dogo