Tushe Huɗu a Cikin Rama

Makoɗa,
Asabar, 14 ga Satumba.

Zuwa ga ƙanena Tajuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ramlat da 'yar gidana Rumaisa. Allah ya tsare ku daga sanyin Kanada da sharrin baƙunta. Mu nan alhamdu lillahi, ruwa ya yi albarka, gero ya nuna, gyaɗa ma ta yi 'ya'ya. Inna tana lafiya, sai ƙafar nan da ka sani, wadda ba ta hana ta zagaya gida tana yi wa kowa faɗa ba. Za ka yi mamakin ganin takarda daga wanda kullum yake cika maka kunne a waya. Sau uku na ɗauki wayar ina ajiyewa, shi ne na rubuta, zan ɗauki hotonta in turo maka, don ba zan iya jin muryarka ina faɗin wannan magana ba.

Ka tuna da azumi ka ba ni labarin cewa a can ana sayar da wiwi a kanti, doka ta yarda babban mutum ya riƙe giram talatin, a garinku har a shuka tushe huɗu a gida? Ni da bakina da ba ya riƙe abu, na kai labarin majalisar ƙofar gida, na yi ta maimaitawa ana dariya, ɗana Jamil yana zaune yana ji. Ka kuma san tun da ka bar mini amanar gonarka ta bakin rafi na yankar masa gayauna a gefen gabas, kamar yadda Baba ya yi mana. Al'adarmu kuwa ba a tambayar mutum abin da ya zuba a gayaunarsa. Ya kewaye iyakar da rama kamar kowa, ashe a tsakiyar ramar ya ɓoye tushe huɗu na wiwi, tun da ganyen ya yi kama.

Ranar Alhamis jami'an hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi suka zo tare da mai unguwa, Jamil kuwa ya tafi wajen Gwaggonsa Barira a Rijiyar Zaki. Suka tumɓuke shukar, har da ramar duka, a gaban maƙwabtan gona. Babbansu mutum ne mai kamala, bai ɗaga mini murya ba. Ya ce a ƙasar nan babu giram ɗaya, babu ganye ɗaya da doka ta yarda da shi, saye ko riƙewa ko shukawa duk laifi ne, kuma shukawar ta fi nauyi. Sannan ya tambaye ni gonar ta wa ce. Tajuddeen, a nan na ci amanarka. Na ce ta ƙanena ce da yake Kanada. Ban ce shekara tara ni nake noma ta ba, ban ambaci gayauna ba. Ina kallo ya ɗaga kai da ya ji sunan ƙasar, ya rubuta sunanka cikakke, ya tambayi yaushe za ka zo gida.

Akwai abin da ya fi wannan. Tun watan jiya, ranar da na je duba gyaɗa, na ji warin abin, na ga ganyen da bai yi kama da ramar da nake nomawa shekara arba'in ba. Na ce wa zuciyata wani iri ne sabo, na juya na tafi, don ba na son in sani. Da Jamil ya dawo jiya ya durƙusa yana kuka, wai huɗu kacal ya shuka, kuma ya ɗauka tun da gonar Baffansa na Kanada ce abin zai zo da sauƙi. Namiji mai shekara ashirin da shida, da mata da ɗa! Na ɗaga hannu zan mare shi, sai na tuna wanda ya koya masa lissafin, da wanda ya ɓuya a bayan sunan ƙaninsa. Wallahi kunya nake ji, ko sallar Juma'a a sahun baya na yi ta.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Jibi Litinin da safe zan tafi ofishinsu da Jamil, mai unguwa zai raka mu. Zan faɗa musu gonar a hannuna take, shi ya shuka, ni na gani na yi shiru, kai kuma shekara uku rabonka da gida. Abin da doka ta yanke a kanmu mu ɗauka. Matata Aina'u ta roƙe ni in bari, wai kai kana nesa ba abin da zai same ka, ɗanta kuwa yana kusa. Na ce mata kai ma ɗan wata ne, kuma tana jiran ka da Babbar Salla. Ba na so ka sauka a Kano kana waige-waige saboda ni. Ka yafe mini in za ka iya, in ba za ka iya yanzu ba zan jira.

Ka gaishe da Ramlat, ka shafa mini kan Rumaisa. Barira da Huseina suna gaishe ku, Aina'u ma, ko da yake ba ta yi mini magana. Inna ba ta san komai ba tukuna. Da safen nan ta shimfiɗa tabarmar shanya, ta ce in tsinko mata ramar gonarka da za ta busar maka kamar kowace shekara. Na ce mata to. Gobe bayan azahar zan zauna in faɗa mata.

Wassalam. Ni ne yayanka,
Sama'ilu.